Goma Sha Bakwai

A Kakuri, bayan layin dogo,
na tarar da Baba Jatau ya ajiye gyaran keken ɗinki
yana ƙirga da yatsu masu baƙin mai:
biyar, bakwai, biyar.

Na ce, Baba, bashin wa kake lissafi?
Ya ce, waƙa ce, yaro.
Wani injiniya ɗan Japan ya bar min ita
zamanin da masaƙa ke numfashi,
jiniya na rigan zakara tashi.
Haiku suke ce mata.

Na ce, waƙa a layi uku?
Mu da sai mun yi yabo da salati,
mun gaida malamai,
kafin mu taɓa abin da ya kawo mu?
Ina amsa-amo? Ina sa hannu a baitin ƙarshe?

Ya yi dariya har tari ya kama shi.
Ya ce, can ba a kai ka gida,
bakin hanya ake nuna maka.
Ka sa kalma ɗaya mai ɗauke da lokaci:
ka ce mangwaro, an san bazara ce,
ka ce gasasshiyar masara, damina ta zauna.
Sannan ka yanka a tsakiya,
kamar yadda tela ke gutsure zare da haƙori,
hoto biyu su kalli juna,
kai ka yi gefe.

Amma ƙirgar akwai rigima, in ji shi.
Bature gaɓa yake ƙirgawa,
kowace ɗaya, kamar ƙwai a kwando.
Mutumin Japan awo yake yi:
wasali in ya ja, ya ci gurbin biyu.
Na ce, ai mu ma haka muke,
fari na zane daban, fari na dawa daban.
Ya ce, to ka gani.
Shekara talatin ban san da mudun wa zan auna ba.

Magariba ta kawo hadari daga wajen gada.
Muka ja benci ƙarƙashin rumfa.
Ya juya takardar rasit,
ya lashi bakin fensir, ya rubuta:

Ruwan farko ne,
shinge a kan fitila.
Masaƙa shiru.

Na tsaya jiran saura.
Ya ninke takardar, ya ce,
miƙo min sukuddireban nan.