Harshen da Muka Koya wa Ƙarfe

Shekara bakwai muna kai ruwa rana
a wani ɗaki mai dogon tebur a Tampere,
kamfani tara, gahawa na hucewa a gabanmu,
kowa ya kwanta kan sirrinsa kamar kaza kan ƙwai.
Detlef, Bajamushen nan, ya taɓa dukan tebur har biro ya faɗi:
"Motarmu ba za ta yi hira da motarku ba."
Na ce ba hira muke nema ba, Detlef,
magana uku ce kacal:
ina nan, na faɗi, ku zo.

Ban ba shi labarin Tuovi ba.
Ba a kawo mamaci taron injiniyoyi.
Amma ita ke zaune a kujerar da babu kowa,
matata, da hularta ta ulu mai ruwan toka,
wadda santsi ya ɗauke a hanyar Kuusamo wani dare na Janairu,
motar ta kife a rami, taku ashirin daga kwalta.
Awa shida.
Likita ya ce a huɗun farko tana numfashi.
Motoci sun wuce, fitilunsu na lasar kan itatuwa,
babu wadda ta san 'yar'uwarta na kwance a ƙasa.
A wancan zamanin ƙarfe bebe ne.

Daga baya aka sa hannu,
ba don so ba, gajiya ce ta yi mana sulhu.
Lauyoyi suka yi hoto.
Ni aka ba ni agogo, aka ce in je in huta.

Bara, jajibirin Kirsimeti,
na ɗauki kyandir zan kai kabarinta kamar yadda muka saba.
Ƙarfe uku na rana amma duhu ya riga ya rufe,
dusar ƙanƙara na zuba kamar ana tankaɗe gari.
Sai motata ta yi ƙara, siririya, sau biyu:
santsi a gaba, mota ta kife bayan kwana, rage gudu.
Na ɗaga ƙafa.
Tirelar katako da ke bayana ita ma ta ja numfashi,
ba don ta gan ni ba, ita ma an gaya mata.

Bayan kwanar, ga ta.
Ƙarama, ja, tayarta ɗaya na juyawa har yanzu,
a goshinta tambarin kamfanin Detlef.
Kafin in sauka ramin an riga ni:
muryar wata mata na fitowa daga cikin motar,
"Sunana Sirkka, daga Oulu nake magana.
Kada ka motsa wuyanka. Minti goma sha huɗu."
Ta san mutum ɗaya ne, ta san ya ɗaura bel,
ta san ta hagu aka bugu.

Yaro ne, Veeti, ko gemu bai fara ba.
Na zura hannu ta fasasshen gilashi na riƙe nasa.
Haƙoransa na kaɗawa yake tambayata
ko barewar da ya kauce wa ta tsira.
Na ce ta tsira. Ban gan ta ba.
Na cire agogon da suka ba ni muka riƙa ƙirga tare,
a goma sha uku shuɗiyar fitila ta ɓullo tsakanin itatuwa.

Na isa maƙabarta a makare.
Iska ta kashe min ashana biyu, ta uku ta kama.
Ban ce wa Tuovi komai ba, ina jin kunyarta,
shekarun sun yi yawa.

Da dare na nemo lambar Detlef a tsohon littafi.
Na ce motarka ta yi wa tawa magana yau.
Ya yi shiru, ina jin jikokinsa na hayaniya a bayansa.
Ya ce, "Me ta ce?"