Lissafi a Bayan Rasit

Kawu Ma'azu ba ya rubuta bashi,
a ka yake jibge shi kamar buhunan aya.
Nawa jikka ɗari takwas da arba'in ne:
kuɗin karatu na shekara uku,
da odinato kwance
mai batir da ya mutu tun a Ɗan Isa.

Daren jiya kuran ya ɗauke a unguwar Zariya,
na haska waya, na juya rasit.
Shagon buga takardu na bakin tasha
ya yi mini tayin jikka arba'in a wata.
Na raba. Wata ashirin da ɗaya,
in ban ci ba, ban hau kabu-kabu ba,
in tarin Inna bai tashi ba.

Ilu, da ko lakwal bai ƙare ba,
gyaran waya ya rufa masa ɗaki da kwano.
Ni na iya harshen na'ura,
ina faɗa tana bi,
amma mai shinkafa ba ta jin yaren.

Da safe Kawu ya kira ni sito:
"Zuba mini masu bashina cikin abin nan naka."
Na buɗe, na ja layi.
Sunan farko da ya faɗa
ban tambayi yadda ake rubuta shi ba.