Shafi Biyu

Shafi biyu, suka ce, kada ya wuce.
Shekara shida ina bin ƙuduji
daga Jiratawa har bakin Gulbi,
yau a ce in juye rumbu a cikin tiya.

Kuran ya ɗauke tun bayan isha'i,
batir saura goma sha ɗaya.
Na rubuta: "Bincikena ya nuna cewa..."
sai ga Nomau a idona, da haƙorinsa guda,
ya tsugunna, ya tone gindin hatsi,
ya ce: "Duba, dakta,
tun bai fito ba yake shan jininsa."
Abin da na yi wata tara ina aunawa
ya faɗe shi kafin shayi ya tafasa.

Ina zan sa Nomau? Takardar ba gurbinsa.
Na goge "ni", na sa "mu".
Na goge "mu",
don mutum ɗaya jami'a za ta ɗauka.

Sai tambayar ƙarshe:
me za ka yi nan da shekara biyar?
Ni da ban san inda hayar watan gobe take ba.
Laure ta juya bisa tabarma,
ta ce: "Rubuta masu za ka kwanta."

Na rubuta: zan koma gonar nan
da fure ya rufe ja-ja kamar gidan biki
alhali mai ita yana haɗiyar kuka,
in tambayi ƙasa abin da na manta ban tambaya ba.

Kabu-kabun asuba ya ratsa Mokoyo.
Saura layi uku.
Na bar wa Nomau su, fari fat.