Kwalba Uku Daga Rijiyar Babana

Gaba goma sha ɗaya babana ya haƙa,
shi da Gambo Ɗan Kotoko, da diga da kwando,
shekarar da aka yaye ni.
Suka bar mana ita a tsakar gida, nan Domayo,
bakinta duk zanen igiya.

Tun ina yaro nake jin ana yabonta a Marwa:
ga sanyi, ga garɗi, babu ɗanɗanon kanwa.
Masu shayin bakin kasuwa har jarka suke aikowa.
Ko da bazara, in mayo ya koma yashi zalla,
ba ta taɓa ba mu kunya.

Bana, da damina ta nutsa,
Habsatu ta kwana uku tana zaryar bayan gida,
ta sauke, Mamuda ƙanenta ya ɗauka.
Na zargi gasasshiyar masara, na zargi nonon talla,
na zargi har bakin mutane.
Rijiya kuwa ban waiwaye ta ba ko sau ɗaya.

Likita Jenabu ce ta tambaya, tana rubutu, ko ɗagowa ba ta yi ba:
"Ruwan ina kuke sha?"
Na ce na gado.
Ta ce, "Gado ma akan duba shi.
Ga kwalba uku, kada yatsa ya taɓa bakinsu.
Ka cika da asuba, ka lulluɓe da ƙanƙara,
ka kawo kafin rana ta take tsakiya."

Na ɗebo, na ɗaga kwalba saitin haske.
Garau, ko ƙwayar ƙura babu.
Na ce wa Asabe, "Jaka biyar za su tafi a banza.
Ido ba mudu ba, ai ya san kima."
Ta ce, "To idon naka ya ga abin da ya kwantar da yara?"
Na sa hula, na tare babur, na kama hanya.

Kwana uku muna tafasa ruwa kamar gidan jego.
Ran na huɗu takarda ta fito.
Ba na jin Faransanci sosai, amma na gane jan layi.
Aka ce ƙwayoyi ne, irin na masai,
suna iyo a abin da nake alwala da shi,
a abin da ake dama wa yara kunu da safiya.

Na dawo na auna da ƙafata.
Daga bakin rijiya zuwa katanga taku shida,
bayan katanga taku uku,
ga sabon masan da Bappa Sali ya haƙa bara.
Har na tattaro maganar da zan gasa masa,
sai na ga turken awakina yana tsiyaya bakin rijiya,
ga guga yashe cikin taɓo,
ga tsaga a siminti da hannu zai shiga.
Ruwa ba ya tsami banza.
Na haɗiye rabin faɗan, ya tsaya mini a wuya.

Bappa ya saurara, ya daɗe yana shafa gemu.
"Ni ma fa ita nake sha," ya ce.
Buhu biyu na siminti daga aljihunsa suka fito.
Muka cike ramin, muka yashe rijiya,
jabel da awo, ba da ƙiyasi ba,
murfin ƙarfe, da ƙusa ta rataye guga,
awaki suka koma can baya.

Takarda ta biyu babu jan layi.
Tana cikin akwati tare da takardar fili.
In ruwan farko ya sauka baɗi, zan sake karɓo kwalba.

Jiya da dare na buɗe murfin na leƙa.
Wata na can ƙasa, inda babana ya bar shi.
Ban ce mata komai ba.
Abin da muka zuba mata ta mayar mana,
ba ta yi mana ƙarya ba, rijiya.