Jar Fitila

Asumana ya iso garejina a Bilbis
tun ban kurkure baki ba,
ya buɗe bayan mota kamar mai nuna wa likita gyambo.
"Shibkau, duba. Jaka arba'in na zube a Katako,
ampili sabo fil da ledarsa,
bafal biyu, kowane ya fi faifai faɗi.
Daga Yamai har Tawa ko tari ba su yi ba.
An cuce ni."

Ban tanka ba.
Duk wanda ya zo nan an cuce shi.

Jar fitila na kallona daga ƙarƙashin kujera,
ƴar ƙanƙanuwa, kamar idon ɓera.
Ba mutuwa ba ce, fushi ne.
Mataccen ampili ba ya ja, ba ya kore,
shiru yake yi, ya bar maka warin ƙauri.

Na zare fizibil, na ɗaga shi ga rana: lafiya lau.
Batir sha biyu da ɗoriya.
Na bi jar waya da yatsa
kamar mai bin sawun akuya a fako,
ta ƙarƙashin tabarma, ta gefen ƙofa,
ba tsaga, ba ƙuna.
Sai baƙar.
Wani gwani ya ɗaure ta tam da kusa
a kan fenti.

Fenti riga ce, Asumana.
Wuta ba ta gaisawa da riga,
jiki take so.
Kowa na tambayar ta ina wuta za ta shigo,
ba mai tambayar ta ina za ta koma gida.

Na kankare da bakin wuƙa har ƙarfe ya yi murmushi.
Kore.

Ya yi tsalle, ya tada inji,
sai ga kuka siriri, wiii,
yana hawa in ya taka, yana sauka in ya saki,
sauro mai bin totur.
Wayar sauti ce kwance jikin wayar wuta,
an naɗe su da sikoci ɗaya don kyan gani.
Na raba musu makwanci,
wannan dama, waccan hagu.
Sauro ya mutu.

Amma kiɗan ba nauyi.
Ganga na bugawa, ƙirji bai sani ba.
"Ka gani? Jabu ne!"
Na ce riƙe bakinka,
na ɗora tafin hannu bisa takardar bafal
yadda Maigida Tanimun ya koya mini
shekarar da kunnuwansa suka ƙare
ya koma saurare da fata.

Na ciro ƙaramin batir daga tocila,
na taɓa wa na farko: ya turo ciki waje.
Na taɓa wa na biyu: ya shanye numfashi.
Ashe tun Yamai haka aka haɗa su,
ɗaya na turawa, ɗaya na ja,
kowa na iya ƙoƙarinsa, gumi har ƙasa,
aikin na cinye aiki.
Na san gidaje irin haka.
Na girma a ɗaya.

Waya biyu na juya. Shi ke nan.

Lambar mota ta kama ɓari,
kofin shayina ya yi tafiya bisa benci shi kaɗai,
mai tallan cuku ta dafe tire ta zage mu.

Na nuna masa ɗan maɓallin nan na gefe:
"Wannan ba na ƙara murya ba ne,
awon ciki ne. Na sa shi daidai. Kar ka taɓa."
Ya rantse.
Ya ba ni jaka biyu, ya ce sauran sai ya dawo daga Kwanni.

Bai kai kwanar gidan mai ba
na ji muryar ta tsage,
ta fara kwarzane kamar garwa a kan tsakuwa.
Ya taɓa.

Na ji da kunnen dama.
Na hagu ya fara bin Maigida Tanimun tun bara.
Na ɗauki kofina daga bakin benci,
na ware fizibil biyu a gwangwani.
Kafin kasuwar Lahadi zai dawo
ya ce an cuce shi.