Mabuɗin Gishiri

Shekara huɗu muna tsintar maganarta,
mu bakwai, kamar kaji a gindin turmi.
Duk abin da ya faɗo daga bakin Madam Askew,
a rediyo ne ko a wajen sa hannu,
Barira ta kwashe ta zuba a littafin lissafin shagonta,
tsakanin bashin manja da kuɗin haya.

Uku ne manya.
Ta ce akwai mabuɗi na gishiri.
Ta ce cikin matafiyan nan ɗaya ba zai haye gada ba.
Ta ce, tana gyara tabarau, tana murmushin mugunta,
“Ku sa ido kan wanda ba ya cin abinci.”

Ran da littafin ya fito ana ruwa,
da ma Manchesta ba ta iya wani aiki ba.
Shafi ɗari bakwai da sha biyu, nauyin tubali.
Na karanta nawa a ɗakin hutun asibiti,
tsakanin ƙararrawar gado na shida da ta gado na tara,
shayina ya huce sau uku ban sani ba.

Asabar muka haɗu a bayan shago, a Longsight,
buhunan shinkafa ne kujerunmu.
Nafi’u ko rigar sanyi bai cire ba ya fara:
“An yi mana sakiyar da ba ruwa!
Mabuɗin da na gina wa gari guda a kaina,
na ce shi zai buɗe kurkukun ƙarƙashin teku,
ashe a shafi na tara zai narke
a hannun yaro, ko ƙofa bai gani ba.”

Lawisa ta ce, “Kai dai da gaggawa aka haife ka.
Je ka shafi na ɗari shida.
Bayan shekara ashirin, da me uwarsa ta gane shi?
Ba farin tabon tafin hannun ba ne?
Mabuɗi ai ya yi buɗi.”
Ya ce, “Wannan kwaskwarima ce.”
Ta ce, “To, a sha ruwa.”

Gada kuwa, kaf ɗinsu sun haye.
Muka ƙirga, muka sake bi da yatsa.
Mantuwa ta yi? Tausayi ya kama ta?
Ko edita ne ya sa almakashi?
Barira ta ce mai tuwo ma takan sauya miya
in ta leƙa tukunya ta ga ba haka ba.

Sai na uku.
Wanda ba ya cin abinci, mai gyaran fitilu ne,
tsohon da ke binsu tun littafin farko
yana cewa ya ƙoshi, ya ƙoshi.
Ashe ya daɗe da mutuwa,
alkawari ne ya hana shi kwanciya.

Barira ta juya littafin lissafi baya, baya,
ta wuce garin rogo, ta wuce kuɗin wuta,
ga shi nan da jan biro, hannun Baba Kamilu,
mai lanƙwasar wanda ya fara da ajami:
“Mai fitila fatalwa ne. Ku rubuta ku ajiye.”
Ran nan mun yi masa dariya har Lawisa ta ƙware.
Bara da azumi muka raka shi maƙabartar kudu,
saura wata goma sha ɗaya littafin ya fito.

Firjin kifi na ta gurnani.
Ruwa na dukan kwanon rufi.
Nafi’u ya dubi buhun da ba kowa a kai,
ya cire rigar sanyin a hankali,
ya ce, “Ɗaya kam bai haye ba.”

Can gaba wani ya ƙwanƙwasa gilashi
yana tambaya ko akwai daddawa.
Barira ta share ido da bakin gyale,
ta ce, “Akwai. Ina zuwa.”