Littafi na Bakwai

Ƙarfe uku da kwata na dare a Bradford,
ruwa na tsiyaya a tagar ɗakin hutun ma'aikata,
shayina ya huce tun a shafi na ɗari huɗu.
Na rufe littafin. Na sake buɗe shi,
ko an ɓoye mini wani babi a baya.
Babu. Sai hoton marubuciyar tana murmushi
kamar ba ita ta yi mini wannan aika-aika ba.

Shekara shida ina biye da su.
Shi autan allolin Girka,
wanda aka bai wa tsaron wani ɗan rafi
da ko kifi ba ya marmarinsa.
Ita kuma marina ce a tsibiri,
hannu shuɗi har gwiwa, baki kamar barkono.
An kai ruwa rana a littattafai shida:
uwarsa ta turo guguwa,
yayyensa suka kife jirgi,
na taɓa wuce tashata a bas
saboda ya riƙe hannunta a gindin zaitun.

Na san tatsuniya ce.
Ba sai an tuna mini ba, na yi sallata.
Amma na sa rai da biki.
Na ce za a ba ta ruwan da ke hana mutuwa,
ko shi ya tuɓe dawwama kamar riga,
su tsufa tare, ƙurunƙus.

Aka miƙo mata ƙoƙon.
Ta leƙa ciki, ta ce a kai kasuwa.
Shi kuma ba a ba shi zaɓi ba.

Sai ga ta a babin ƙarshe,
furfura ta cinye kai, shuɗin hannu ya koɗe,
shi yana nan yadda yake, ko gezau.
Kullum da safe ya kawo tulu daga rafinsa,
ta dube shi ta ce, yaron wa ne kai?
Ya ce, mai kawo miki ruwa ne.
Nan aka ɗiga aya.
Haba baiwar Allah. Fam goma sha tara na biya.

Na ɗauki waya zan kira Safara'u,
na tuna tana na biyar,
ta rantse in na faɗa mata mun ɓata.
Na haɗiye.

Ƙararrawa ta yi ƙara. Ɗaki na sha biyu.
Hilda ta zame daga matashi,
tana neman takalmin makarantarta.
Na gyara mata kwanciya,
na goge mata baki,
na ce takalmi na nan, gobe ma rana ce.
A kan durowa ga matajin da Derek ya bari,
da ɓawon lemun jiya.

Shekara biyu ina ganin mutumin nan.
Ƙarfe goma daidai, hula a hannu,
bas biyu daga Shipley, ko ana ƙanƙara.
Ya taje mata kai, ya ɓare lemu,
ita kuwa ta kira shi likita,
ta tambaye shi ko ya ga mijinta a hanya.
Ya ce, yana tafe.
Ni ina gefe ina cike takardar magani,
ko sau ɗaya idona bai kawo ruwa ba.
Sai da aka ƙaga wani mai rafi a takarda
na zauna ina jan hanci kamar yarinya.
Wannan kunyar ban san inda zan kai ta ba.

Na tashi aiki ƙarfe takwas.
Ban tafi ba.
Na zauna a bencin ƙofa da rigar sanyi,
littafin a jaka yana danna mini cinya,
har ya ɓullo daga kwana, yana ɗingishi.
Ya ce, ba ki je gida ba, Ramlatu?
Na ce, bas ce ta wuce ni.
Ya ciro lemu biyu daga aljihu,
ya duba, ya ba ni ƙaramin.